Kwanon da Ya Ɓace Hanya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Fim Ɗin The Lunchbox

Da ranin bana, bayan an killace gero an kai riɗi kasuwar Gujungu, samari da magidanta da yawa na garinmu suka tafi ci-rani, gari ya yi tsit. A wannan tsakanin ne na kunna wa abokan hirata wani fim ɗin Indiya a kwamfutata, a zauren gidanmu, ina fassara musu da baki, domin wani ɓangaren Indiyanci ne wani Turanci. Washegari Gwaggo ta aiko a shigar musu da shi cikin gida su ma su gani. Tun daga ranar tambayoyi ba su yanke ba, a teburin mai shayi, a ƙofar masallaci bayan la'asar, har ta waya daga waɗanda ke Legas da labari ya kai musu. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, da abin da na amsa. Wanda bai kalla ba ya sani cewa zan taɓa har ƙarshen labarin.

Malam, wane fim ne wannan, su wa suka yi shi?

Sunansa The Lunchbox, wato kwanon abincin rana. Ya fito a 2013. Ritesh Batra, haifaffen Mumbai, shi ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. Manyan 'yan wasan uku ne: Irrfan Khan a matsayin Saajan Fernandes, Nimrat Kaur a matsayin Ila, da Nawazuddin Siddiqui a matsayin Shaikh. Furodusoshin sun haɗa da Guneet Monga da Anurag Kashyap, kuma an haɗa kuɗin aikin ne daga Indiya da Faransa da Jamus da Amurka. Tsawonsa bai kai awa biyu ba, wato gajere ne idan aka gwada shi da finafinan Indiya da muka taso muna kallo.

Ba mu labarin a taƙaice.

Ila matar aure ce mai 'ya ɗaya. Mijinta Rajeev ya daina ganinta. Ba ya dukanta, ba ya zaginta, bai bar ta da yunwa ba. Yana dawowa daga aiki da waya a kunne, ya ci abinci idonsa a talabijin, ya kwanta. Maƙwabciyarta ta saman bene, wadda take kira Anti, ta ba ta shawarar ta janyo shi da girki. Ila ta zage ta yi girki na gani na faɗa, ta ba mai kai abinci. Kwanon ya dawo an suɗe shi tas, abin da bai taɓa faruwa ba. Tana murna mijin ya dawo, ta tambaye shi, ya ce farin kabejin ya yi daɗi. Ita kuwa ba farin kabeji ta dafa ba.

Ashe kwanon ya sauka a teburin Saajan, ma'aikacin sashen biyan diyya da ya shekara 35 yana lissafi a ofis ɗaya, saura wata guda ya yi ritaya. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba ɗa ba jika, abincinsa na rana daga wani ɗan gidan abinci na unguwarsu yake zuwa. Ila ta gane kuskure aka yi, sai ta saka 'yar takarda cikin gurasa tana gode wa wanda ya cinye, domin na 'yan awoyi ta ɗauka mijinta ne. Amsar da ta samu layi ɗaya ce: gishiri ya yi yawa yau. Anti ta fusata da wannan rashin godiya, ta zuro mata barkono a kwando. Washegari ya rubuto cewa gishiri ya yi daidai amma yaji ya ɗan yi yawa, sai da ya ci ayaba biyu wutar ta mutu. Daga nan wasiƙu suka fara tsawo. Shi yana ba ta labarin matarsa da garin da ya canza masa, ita tana ba shi labarin Anti da mijinta, da ƙamshin turaren wata mace da ta ji a rigar Rajeev tana shirin wanki.

Da gaske akwai masu kai abinci haka, ko ƙirƙira ce ta fim?

Gaskiya ne. A birnin Mumbai suke, ana kiran su dabbawala, kuma sana'ar ta faro tun wajen 1890 a hannun wani mutum mai suna Mahadeo Havaji Bachche. A lokacin da aka yi fim ɗin akan ƙiyasta su wajen mutum 5,000, suna ɗaukar kwano kusan 200,000 kowace ranar aiki. Su bi gida-gida da keke su karɓa da hantsi, su tara a tashar jirgin ƙasa, su ware bisa alamar da aka rubuta a murfi, su loda a tarago, wasu su karɓa a tashar da aka sauke su kai ofis-ofis kafin azahar, sannan kwanon ya biyo sawunsa ya koma gida. Kwano ɗaya yakan ratsa hannu da yawa. Galibinsu 'yan ƙauyukan yankin Pune ne, ana gane su da farar hula, kuma da yawansu ba su yi boko mai zurfi ba. Sunan da suka yi na rashin kuskure ya sa Yarima Charles na Ingila ya ziyarce su a 2003, makarantar kasuwanci ta Harvard kuma ta rubuta darasi a kan tsarinsu. Shi ya sa da Ila ta ce wa mai ɗaukar mata kwano yana kaiwa inda ba nan ba, ya tubure cewa ba ya yiwuwa, har yana kafa hujja da mutanen Harvard da sarkin Ingila.

A nan ne 'yan zaure suka fi nutsuwa, domin mun san abin. Da damina, ran da ake noman farko ko maimai, yara kan fito da hantsi ɗauke da kwanon dambu ko ƙwaryar fura, kowa ya nufi gonar gidansu. Wani kawuna ya ce shi ma yana yaro ya taɓa kai furar gidansu gonar maƙwabta, aka shanye, aka kuma aiko wa innarsa da godiya.

Yaya tunanin ya zo wa mai fim ɗin, kuma yaya aka ɗauke shi?

Batra ba labarin soyayya ya fita nema ba. A 2007 ya shiga cikin masu kai abincin da niyyar yin shirin gaskiya a kan sana'arsu. Yana bin su, suka saba, suka fara ba shi labarin gidajen da suke zuwa: wannan gidan kullum abinci iri ɗaya ne, waccan matar takan sa takarda. Sai ya ga labarin mutanen da ke bayan ƙofofin ya fi jan hankalinsa, ya ajiye wancan shirin ya koma rubutu. Rubutun ya ɗauki shekaru, ya kai shi tarurrukan masu fim a Rotterdam da Berlin yana neman gyara da masu zuba jari.

An ɗauki fim ɗin a Mumbai a 2012 cikin kwana 29. Michael Simmonds ne ya riƙe kyamara, John Lyons ya tace, Max Richter ya yi kiɗan. Masu kai abincin da ake gani na ainihi ne. An ba su kwanuka, 'yan mutane kaɗan suka bi su da kyamara suna aikinsu yadda suka saba. Abin da ya fi burge ni shi ne Irrfan Khan da Nimrat Kaur kusan ba sa haɗuwa a hoto ɗaya. Kowa shi kaɗai yake wasansa, ita a ɗan ƙuntataccen kicin, shi a teburi cikin tulin fayil. Abin da ya haɗa su muryar karatun wasiƙa ce da hannun mai tacewa: ta kori ƙuda a nan, sai a yanko shi yana korar ƙuda a can, ta yi maganar fanka, sai ya ɗaga kai ya dubi fankar ofis. Shi da Turanci yake rubutu, ita da Indiyanci, kuma wannan kaɗai ya nuna maka tazarar shekaru da ta tarbiyya da ke tsakaninsu.

Fim ɗin Indiya ba rawa, ba faɗa, ba bos? Anya kuwa?

Wannan ita ce tambayar samari, kuma biyu daga cikinsu sun tashi kafin a kai rabi. Ba na ganin laifinsu. Tun zamanin sinimomin Kano har zuwa na fassara da ake tura mana a memori yau, an saba mana da cewa fim ɗin Indiya waƙa shida ne da jarumi mai dukan mutum goma. Amma Indiya ta daɗe tana da wani layin na finafinai masu tafiya a hankali, waɗanda ba su cika isowa kasuwarmu ba.

Waƙa kuwa akwai ta, sai dai ba wanda ya tashi ya taka. Yara mabarata ne ke rera tsofaffin waƙoƙin fim a jirgi, Anti tana sa kaset, masu kai abinci suna waƙar addininsu a tarago. Da Ila ta san sunan mai cin abincinta, sai ta roƙi Anti ta sa mata kaset ɗin wani tsohon fim na 1991 mai irin sunansa. Ba ta faɗa wa kowa dalili ba, ta tsaya a kicin tana saurare. Matan gidanmu sun gane ma'anar tun kafin in buɗe baki.

Me ya sa ba a taɓa nuna fuskar Anti ba?

Muryarta kaɗai ake ji ta taga, da kwandonta mai igiya da ke saukowa da kayan yaji. Bharati Achrekar ce ta yi muryar. Anti ba ta saukowa saboda mijinta ya shekara 15 kwance cikin doguwar suma, idonsa a kan fankar sili, kuma ta yarda cewa ran da fankar ta tsaya ransa zai fita, har tana goge ta tana juyawa. Gwaggo ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba. Ta ce akwai maƙwabciyar da suka shekara da shekaru suna hira ta kan katanga, suna miƙa wa juna daddawa da garwashi, ta fi sanin muryarta fiye da fuskarta. A ganina Batra ya ɓoye Anti ne don Ila ta riƙa jin abin da ke jiranta: macen da ta ƙare rayuwarta a ɗaki ɗaya tana hidimar mutumin da ba ya amsawa. Uwar Ila ma haka take da nata mijin mai ciwon daji. Ran da ya rasu, ana tsammanin kuka, sai ta ce wa 'yarta yunwa take ji. Babu wurin da cikin gida ya yi shiru kamar nan.

Mace mai miji da 'ya, a garin da ya fi mutum miliyan 12, ina kaɗaici ya samo ta?

Wani dattijo ne ya yi mini wannan tambayar, kuma ita ce na fi daɗewa a kanta. Na ce masa: Baba, mu a nan mun ɗauka kaɗaici ciwon birni ne ko na Turawa. Muna cewa gidanmu cike yake, ga kishiyoyi, ga faccaloli, ga jikoki, kowace Juma'a da suna ko ɗaurin aure. Duk gaskiya ne. Amma kaɗaicin da fim ɗin nan yake nunawa shi ne mutum ya yi abu da dukkan zuciyarsa, ba wanda ya lura. Ila ba ta rasa mutane ba. Ta rasa wanda zai buɗe kwanonta ya san hannunta ne. Mijinta ya yi kwanaki yana cin abincin sayarwa bai gane ba na matarsa ba ne. Shi kuwa baƙon, tun kafin ya ɗanɗana, ya tsaya ya shinshina murfin. Ko "gishiri ya yi yawa" da ya rubuta, duk da rashin daɗinta, shaida ce cewa wani ya ci da hankalinsa.

Mu dubi namu. Mace ta tashi da asuba ta surfa, ta wanke, ta kai niƙa ko ta daka, ta tankaɗe, ta sha hayaƙin kara, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka. A fitar da shi zaure ko dandali a yi ciyayya, a dawo da kwano. Abin da za ta samu na amsa shi ne yadda kwanon ya dawo, an cinye ko an rage. Matanmu sun iya karanta kwano kamar yadda malami ke karanta allo. Hausawa suka ce yaba kyauta tukuici, amma nawa ne daga cikinmu suka taɓa shiga ciki suka ce, "Wance, miyar yau ta yi daɗi, sannu da aiki"? Mun maida shi abin kunya, kamar yabon mace na rage girman namiji. Ga kuma matan 'yan ci-rani, waɗanda daga kaka har faɗuwar ruwa abin da ke haɗa su da maigida shi ne ɗan aike ta hannun mai POS da kira na minti biyu: yaya yara, an sayi hatsi, sai an jima.

Na Saajan kuma wani iri ne, kuma shi ne wanda ba ma magana a kansa sam. Kowane dare yana tsaye a baranda da taba, yana hangen iyalin da ke gidan da ke kallon nasa suna cin abinci tare, har yarinyar gidan ta tashi ta rufe taga. Yara suka jefa ƙwallo gidansa ya hana su. Ya je sayen wurin kabari aka ce na kwance sun ƙare sai na tsaye, ya rubuta wa Ila cewa ya ƙare rayuwarsa a tsaye cikin jirgi da bas, ga shi ko ya mutu tsayuwar ce. Ya tono tsofaffin kaset-kaset na wasan barkwanci da matarsa ta ɗauka daga talabijin, ya kwana yana kallo, sai a lokacin ya tuna cewa tana raye takan zauna tana dariya, shi kuwa yana baranda yana gyaran keke, yana leƙenta ta gilashi bai taɓa shiga ya zauna kusa da ita ba. A wata wasiƙar ya ce yana ganin mutum kan manta abubuwa idan ba shi da wanda zai ba labarinsu. Kowane gari yana da irin wannan dattijon. Tsohuwarsa ta rasu, 'ya'ya suna aiko masa da tuwo a kan lokaci, ana gaishe shi da girmamawa, amma wadda ta san shi tun yana saurayi, wadda za su ce "kin tuna shekarar fari?" ta tafi. Ana cewa ya zama mafaɗaci. Dattijon da ya yi mini tambayar bai ce komai ba bayan wannan, ya gyara zaman hularsa ya yi mini sai da safe.

Malam, gaskiya dai: wannan ba koya wa matan aure hira da mazan waje ba ne?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. A addininmu da al'adarmu matar aure tana da hurumi, kuma akwai hadisi mai tsanani a kan wanda ya ɓata mace ga mijinta. Da wasiƙun suka kai inda Saajan ya ce ko zai bi ta su tafi ƙasar Butan tare, sun ƙetare iyaka, ba zan yi wa wannan kwaskwarima ba. Mutanen labarin ma ba Musulmi ba ne, Saajan Kirista ne, Ila Hindu ce, Shaikh ne kaɗai Musulmi a cikinsu, don haka ba littafin fiƙihu aka ba mu ba.

Sai dai a yi adalci ga abin da aka nuna. Ba su taɓa zama tare ba, ko hannu ba su gaisa ba. Farkon shawarar da Saajan ya ba ta ma ta gyaran aurenta ce, ya ce ko ƙarin haihuwa zai taimaka, ta gwada, mijin ko kallonta bai yi ba. Ila ba ta fita neman kowa ba, mijinta take nema, kuma shi ne yake cin amanarta. Gidan iyayenta ba wurin komawa ba ne, uba na kwance, kuɗin magani ya gagara, ɗan'uwanta ya rasu. A wurinmu mace tana da waliyyi, da liman, da mai unguwa, da kotu idan ta kai ga hul'i, duk da mun san sau da yawa abin da za a ce mata bai wuce "ki yi haƙuri" ba.

Abin da ya dame ni shi ne duk waɗanda suka yi mini wannan tambayar maza ne, kuma babu wanda ya fara da Rajeev. Allah ya ce a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 19, a zauna da su da kyautatawa. Ba mu da masu kai kwano a jirgi, amma muna da waya, kuma kowa ya san labarin kiran kuskure da ya zama hira, hira ta zama fitina. Ƙwace wayar ba ya toshe ramin da abin ya shigo ta ciki. Ni da na gama kallo ban ji tsoron baƙo mai wasiƙa ba, kaina na tuhuma.

Saajan ya je gidan shayin da suka yi alkawarin haɗuwa da Ila, ya gan ta. Me ya hana shi ƙarasawa?

Da safen ranar ya koma banɗaki ya gyara askin gemu, sai ya ji warin da yake ji idan kakansa ya fito daga wanka. Ya duba, ba kowa sai shi. A jirgi kuma wani saurayi ya tashi ya ba shi kujera yana ce masa kawu. Ya isa wurin, ya zauna nesa, ya ga yarinya ce ɗanya shar tana ta shan ruwa tana duban ƙofa, ya kasa tashi. Washegari ta aika masa da kwano babu komai a ciki, ya cika shi da wasiƙar ban haƙuri, yana gode mata da ta bar shi ya shiga mafarkinta.

A nan zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce tsoro ne, a garin nan mai shekara 60 yana auren 'yar 18 ba ya ko ƙifta ido. Ni kuwa nan ne na fi girmama shi. Ya auna abin da zai samu da abin da za ta ɗauka, ya tuna Anti da fankarta, bai so ya zama majinyaci na gaba da za ta ƙare ƙuruciyarta a kansa ba. Kuskurensa ɗaya, ya yanke hukuncin shi kaɗai bai tambaye ta ba.

Shi kuma Shaikh mai surutun nan, mene ne amfaninsa a labarin?

Shi aka kawo ya gaji kujerar Saajan. Maraya ne, shi ya raɗa wa kansa suna, ya koya wa kansa komai, ya yi aiki a Saudiyya ya dawo. Yana yanka kayan miya a jirgi a kan fayil ɗin ofis don ya rage aikin girki idan ya isa gida. Saajan ya yi ta guje masa, shi kuma ya nace da gaisuwa har suka fara cin kwanon Ila tare. Da Shaikh ya tafka kuskure a lissafi, Saajan ya ɗauki laifin a gaban shugabansu. Da bikinsa ya zo, dangin amarya dandazo guda, shi ba kowa, sai ya roƙi Saajan ya tsaya masa a matsayin nasa. Shi ne kuma ya fara faɗin maganar da fim ɗin ya shahara da ita, cewa wani lokaci jirgin da ba naka ba shi ke kai ka tashar da ta dace, yana jingina ta ga uwar da bai taɓa sani ba, domin a cewarsa magana ta fi nauyi idan aka ce inna ce ta faɗa. Nawazuddin Siddiqui kansa ɗan manoma ne daga Budhana a jihar Uttar Pradesh, ya shekara da shekaru yana fitowa a ƙananan matsayi kafin a san shi.

Ya samu karɓuwa kuwa?

Ƙwarai. An fara nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a watan Mayun 2013, inda ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a sashen makon masu sharhi. Ya je bikin finafinai na Toronto, ya fito a sinimomin Indiya ranar 20 ga Satumba na shekarar, ya kuma yi kasuwa a Turai da Amurka. A gida ya ci kyaututtukan finafinan Indiya na Filmfare, ciki har da na sabon darakta da na mataimakin jarumi ga Nawazuddin. A 2015 ya shiga jerin 'yan takarar BAFTA, kyautar finafinai ta Ingila. Mutane da yawa sun sa ran Indiya za ta tura shi gasar Oscar, sai kwamitin zaɓe ya ɗauki wani fim na harshen Gujarati, The Good Road, abin da ya jawo cacar baki sosai a jaridunsu.

Jarumin yana nan da rai?

Irrfan Khan ya rasu ranar 29 ga Afrilu, 2020, yana da shekara 53, bayan fama da wani nau'in ciwon daji. Musulmi ne ɗan jihar Rajasthan. Allah ya jiƙansa. Lokacin da ya yi wannan fim bai kai 50 ba, amma dubi yadda ya rusunar da kafaɗa, da yadda yake waiwaye kafin ya buɗe wasiƙa kamar yaron da ya ɓoye alewa.

Ina ne Butan da Ila take ta ambato?

Ƙaramar masarauta ce a duwatsun Himalaya, tsakanin Indiya da Sin, wadda ta shahara da cewa tana auna ci gabanta da farin cikin jama'a. Ila ta ji haka ne daga abin da aka koya wa 'yarta a makaranta, ta riƙe.

To a ƙarshe sun haɗu ko ba su haɗu ba?

Ba a nuna ba. Ila ta bi sawun kwanon har ofis, ta tarar da Shaikh a kujerar, ya ce mata Saajan ya yi ritaya ya tafi garin Nashik. Ta koma gida ta sayar da 'yan kunnenta da awarwaronta, ta sa 'yarta a motar makaranta, tana shirin su kama jirgi idan ta dawo da rana. Shi kuwa bai zauna a Nashik ba. Ya juyo, ya bar yaran unguwa su yi wasansu a ƙofar gidansa, sannan ya nemi masu kai abinci. Hoton ƙarshe yana zaune a taragonsu cikin kwanukan da aka cinye, suna tafi suna waƙa, suna bin hanyar da kwano ke bi ya koma gida. Sai allo ya yi duhu, waƙar ta ci gaba.

'Yan zaure sun ji haushi, wani ya ce in duba ko fim ɗin ne bai gama sauka ba. A cikin gida kuwa gardama aka yi har dare ya raba. Matasan matan suka ce lallai ya same ta, tunda kwano yana isa gida kafin la'asar. Wata yayata ta ce gara kada ya same ta, ta fara fita daga auren da ya mutu tukun, ta yi iddarta, in ya so ya zo ta ƙofar gida kamar kowa. Ni na fi karkata ga maganar Yaya. Da na tambayi Gwaggo nata ra'ayin, sai ta ce ita tun ɗazu hankalinta na kan yarinyar, wadda aka sa a motar makaranta da safe tana waiwayen uwarta, ba wanda ya gaya mata inda za ta kwana.